Agustin, Pelajiyus ko Kasiyan: wanne ya kamata ka ɗauka?

Ana saura kwana huɗu a rufe karɓar taken kundin kammala karatu, wani ɗalibina ya yi sallama a ƙofar ofis. Mai bishara ne a wani ƙauye, ya ba shekara arba'in baya, kuɗin makarantar ma sai da ya sayar da buhunan masara ya biya. Ya miƙo mini 'yar takarda mai sunaye uku, ya ja layi a ƙarƙashin na tsakiya.

"Baba, Pelajiyus zan ɗauka."

"Don me?"

"Ai ɗan bidi'a ne, tun tuni aka yanke masa hukunci. In na jero ayoyi na kayar da shi, shafi arba'in sun cika."

Na tambaye shi a kan me ya yi wa'azi ranar Lahadin da ta wuce. Ya ce a kan samari masu zaman kashe wando ne, har ya tuna musu cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Na ce a wace sura? Ya yi dariya, don ya san babu. Na ce, "To ɗana, jawo kujera. Mutumin da kake shirin kayarwa, da yana cikin masujada ran nan, da shi zai fara cewa amin."

Abin da na gaya masa zan faɗaɗa a nan, don kusan kowace shekara sai an sami mai wannan zaɓin, ko ɗalibi mai neman take, ko malamin ajin baftisma mai neman wanda zai karanta kafin ya shiga aji. Mutanen uku malaman Kirista ne da suka yi zamani ɗaya, ƙarshen ƙarni na 4 zuwa farkon na 5, kuma gardamarsu a kan tambaya uku take. Me muka gada daga Adamu? Mutum zai iya son nagarta ya kuma aikata ta da ƙarfin kansa? In mai zunubi ya tuba, wa ya fara motsi, shi ko Allah?

Kafin shekara ta 400 ba a matsa wa waɗannan tambayoyi sosai ba. Abokan gardamar malaman farko masu duba taurari ne, da ƙungiyoyin da ke cewa wasu mutane tun asali na haske ne, wasu na duhu, ba makawa. Shi ya sa kusan dukkan malaman suka nace cewa mutum yana da zaɓi kuma za a tambaye shi. Ireniyus na Liyon, wajen 180, ya ɗauki Adamu kamar yaro ne da aka ruɗa tun bai gama girma ba. Sifiriyan na Kartaj, a tsakiyar ƙarni na 3, ya ce kada a jira kwana takwas kafin a yi wa jariri baftisma, don ya ɗauko cutar tsohuwar mutuwa daga Adamu. Yohanna Kirisostom kuwa a gabas ya ce ana yi wa jarirai baftisma ko da yake ba su da zunubi. Da rigima ta ɓarke, kowa ya sami dattijon da zai jingina da shi.

Pelajiyus

Mutumin Birtaniya ne, bai taɓa zama limami ba balle bishop. Malami ne mai gudun duniya, ya daɗe a Roma yana koyarwa a manyan gidaje. Ka tuna zamanin: tun 380 Kiristanci ya zama addinin gwamnati, coci ta cika da masu shiga don kowa na shiga. Attajiri ya yi baftisma, zaluncinsa na nan, kwaɗayinsa na nan, in an yi masa magana ya ce ai ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Wannan uzurin shi Pelajiyus ya ƙi jini. Agustin da kansa ya ba da labarin cewa wata rana a Roma wani bishop ya karanto addu'ar Agustin ɗin daga littafinsa Confessiones a gaban Pelajiyus, inda yake ce wa Allah ya ba shi abin da ya umarta, sa'an nan ya umarci abin da ya ga dama. Pelajiyus ya kasa daurewa, har ya kusa yin faɗa da bishop ɗin. A kunnensa, wannan lasisin lalaci ne.

Ya raba al'amarin gida uku: iyawa, so, da aikatawa. Iyawa daga Allah take, shi ya dasa ta a halittarmu, kuma zunubin Adamu bai tumɓuke ta ba. So da aikatawa namu ne. To yaya aka yi zunubi ya game duniya? Ta koyi da sabo, in ji shi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Adamu ya buɗe mugun misali, zuriya ta bi, har al'ada ta yi kauri kamar tsatsa a jikin ƙarfe. Sai Allah ya kawo Shari'a kamar magagari don a goge tsatsar, daga baya ya kawo koyarwar Almasihu da misalinsa, da gafarar zunuban baya a baftisma. Duk waɗannan Pelajiyus yana kiransu alheri, shi ya sa duk lokacin da aka tambaye shi ko ya yarda da alherin Allah yakan ce ƙwarai, kuma ba ƙarya yake ba a yadda ya fahimci kalmar.

In kana son ka ji muryarsa, wasiƙarsa zuwa ga Dimitiriyas za ka nema. 'Yar babban gida ce, danginta sun gudu daga Roma zuwa Afirka bayan Alarik ya ci birnin a 410, kuma wajen 413, ana shirin aurenta, ta ɗauki alkawarin zaman budurci. A wasiƙar yana cewa duk wanda ya ce umarnin Allah ya fi ƙarfinsa, to yana zargin Allah da rashin sanin abin da ya halitta da kuma rashin sanin abin da ya umarta. Hujja ce mai kaifi, kuma ban taɓa ganin ɗalibin da ya amsa ta a shafi ɗaya ba.

Shari'arsa ma ba ta tafi santsi yadda ɗalibina ya zata ba. An fara hukunta almajirinsa Selestiyus a Kartaj a 411. Shi kansa Pelajiyus, bishop goma sha huɗu sun saurare shi a Diyosfolis ta Falasɗinu a Disamba 415 suka wanke shi. Bishop-bishop na Afirka suka kai ƙara Roma, Fafaroma Inosan na ɗaya ya goyi bayansu a farkon 417, ya rasu, magajinsa Zosimus ya duba takardun ya ce bai ga laifi ba. Sai da Sarki Honoriyus ya fitar da doka ranar 30 ga Afrilu 418, washegari bishop fiye da 200 suka zauna a Kartaj, kana Zosimus ya juya. Ko a lokacin, bishop goma sha takwas na Italiya sun ƙi sa hannu, ciki har da Juliyan na Ekilanum. Majalisar Afisa ta 431 ta sake tabbatar da hukuncin.

Inda na ga rauninsa shi ne nan. Daga nesa koyarwar tana kama da mai sauƙi, mai girmama ɗan Adam. Matso kusa ka ga tsananinta. In har kana iya zama marar zunubi, to wajibi ne ka zama, kuma duk tuntuɓen da ka yi ba ka da wurin fakewa. Mashayin da ya yi alkawari sau goma a gaban dattawan ikkilisiya ya karya sau goma, abin da Pelajiyus zai ba shi shi ne alkawari na goma sha ɗaya. Bishop-bishop na Kartaj sun kama shi da Addu'ar Ubangiji: tsarkaka ma suna cewa a gafarta mana laifofinmu, kuma da gaske suke faɗa, ba don tawali'u kawai ba.

Ga mai kundi akwai wata matsalar. Yawancin abin da ake maimaitawa game da Pelajiyus daga bakin abokan gabarsa ya fito, wasunsu kuwa ba su da ta ido. Jerom, malamin da ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, har gorin ƙiba ya yi masa, wai kunun mutanen ƙasarsu ya cika masa ciki. Rubutunsa da ya tsira, sharhin wasiƙun Bulus da wasiƙar Dimitiriyas, ya tsira ne don an riƙa kwafarsa da sunan wasu, har da sunan Jerom ɗin. Fassarorin Turanci masu kyau sai a farkon shekarun 1990 suka fito, ba kuma kyauta suke a intanet ba. In ba za ka iya samunsu ba, kundinka zai zama shari'ar da aka saurari mai ƙara kaɗai.

Agustin

Wannan ɗan Afirka ne. An haife shi a 354 a Tagaste, garin da yau ake kira Suk Ahras a Aljeriya, ya rasu a 430 a Hippo, wato Annaba, mayaƙan Bandal na kewaye da garin. Ya yi wajen shekara tara cikin mabiya Mani, masu cewa mugunta wata halitta ce dabam da ke cikin jiki. Bishop Ambros ya yi masa baftisma a Milan a 387. Da farko shi ma mai kare 'yancin zaɓi ne, har ya rubuta littafi sukutum a kai don ya ƙaryata tsofaffin abokansa, kuma Pelajiyus ya riƙa ɗauko kalamansa na lokacin yana jifansa da su. Juyin ya zo wajen 396, yana amsa tambayoyin Simfilisiyan, wani dattijon malami na Milan, a kan Romawa sura 9. Da ya tsufa yana bitar littattafansa, ya ce a wancan aikin ya yi fama don ya kare zaɓin mutum, amma alherin Allah ya yi nasara. Ayar da ta kayar da shi ita ce 1 Korintiyawa 4:7, me kake da shi wanda ba karɓa ka yi ba? Lura da shekarar. Ya kai wannan matsayi fiye da shekara goma kafin rigimarsa da Pelajiyus.

Ƙarfin Agustin shi ne ya san zuciya. Yana ɗan shekara goma sha shida, shi da abokansa suka je da dare suka kakkaɓe wata bishiya kusa da gonar inabinsu, suka kwashi 'ya'yan da yawa, suka ɗan ɗanɗana, sauran suka watsa wa aladu. Ba yunwa yake ji ba, a gida akwai waɗanda suka fi su daɗi. Shekara talatin bayan haka yana tambayar kansa me ya so a satar, ya gano haramcin ne ya yi masa daɗi, da kuma kunyar a ce shi kaɗai ya noƙe. Ya kuma ba da labarin jaririn da ya gani, bai iya magana ba tukuna, amma fuskarsa ta canza don kishi yana hararar ɗan'uwan shan nononsa. Duk macen da ta yi goyo ta yi ciki a kai ta san wannan kallon. Wa ya koya wa yaron? Nan ne bayanin koyi da sabo ya fara ɗingishi.

A wurinsa zaɓi bai mutu ba, ciwo yake. Mutum yana zaɓar abin da yake so, matsalar ita ce abin da yake so ɗin ya karkace. Gaya wa gurgu hanya ba ya sa shi tafiya. Shari'a tana nuna hanya, har tana ƙara wa haramtaccen abu zaƙi, sai Ruhu Mai Tsarki ya zuba ƙaunar Allah a zuciya, kamar yadda Romawa 5:5 ta ce, sa'an nan mutum ya so nagarta da son ransa. Wannan ne jigon ɗan littafinsa na 412, De spiritu et littera, a kan harafi mai kisa da Ruhu mai rayarwa. A ganina shi ne mafi kyawun ƙofar shiga Agustin a wannan batu, don ya rubuta shi tun rai bai ɓaci ba.

Akwai abin da ya kamata mai Hausa ya kiyaye a nan. Kalmar da Littafi Mai Tsarki namu ya ɗauka ita ce alheri, alheri kuwa a bakinmu yakan zo da jela. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Muna yi wa wanda ya kyauta, muna sa ran wanda muka yi wa zai tuna. Abin da Agustin ke nufi kyauta ce ga wanda bai yi komai ba, bai ma roƙa ba, don roƙon kansa yana cikin kyautar. In ba ka warware wannan a babin farko ba, kai da mai karatunka za ku yi ta faɗin kalma ɗaya kuna nufin abu biyu.

Amma Agustin yana da ƙaya, kuma ba ƙarama ba. Ya ce mun gaji laifin Adamu kansa, ba rauni da mutuwa kaɗai ba, ya kuma jingina da Romawa 5:12 a fassarar Latin da ke hannunsa, wadda ta ba da ma'anar cewa a cikinsa ne duka suka yi zunubi. Yawancin masu fassara daga Girkanci yau suna karanta wurin da ma'anar domin duka sun yi zunubi. Shi da bakinsa ya ce tun yana yaro bai so Girkanci ba. Ba wannan ayar kaɗai ya dogara da ita ba, amma mai duba kundinka zai tambaye ka, gara ka shirya. Sai batun jarirai. Ya bi hujjarsa har ƙarshe, ya ce jaririn da ya mutu ba baftisma yana ƙarƙashin hukunci, ko da yake mafi sauƙin hukunci. Na taɓa tsayawa a bakin kabarin jaririyar da ba ta kai ranar suna ba, uwar ta riƙe mini hannun riga tana tambaya ina 'yarta take. Ban karanto mata Agustin ba. Cocin Katolika ma, wadda ta fi kowa girmama shi, ta fitar da takarda a 2007 mai cewa akwai dalilin sa zuciya ga ceton irin waɗannan jarirai.

Sai ƙaddara. A littattafansa na ƙarshe ya ce 'yan Adam duka curi ɗaya ne na hukuntattu, Allah ya zaɓi wasu adadi sananne ya cece su don jinƙai, ya bar sauran don adalci. Da aka kawo masa 1 Timoti 2:4, cewa Allah yana so dukan mutane su sami ceto, sai ya ce ana nufin kowane irin mutane, sarki da talaka, namiji da mace. Juliyan ya ce masa har yanzu warin Mani bai bar jikinsa ba. Suka yi ta musayar littattafai, Agustin ya rasu bai gama amsa ta ƙarshe ba. Kada ka fara daga nan, tsoho ne da ya gaji, yana maimaita kansa, ana zaginsa yana ramawa.

Wani abu ya faru da ya fi kusa da aikinmu. Wajen 426, a gidan masu zuhudu na Hadrumetum, wato Susa ta Tunisiya a yau, wata wasiƙar Agustin ta shiga hannu, gida ya rikice. Aka sami mai cewa in komai alheri ne, don me shugaba zai tsawata mini? Ya yi mini addu'a kawai. Agustin ya rubuta littafi guda a kan tsawatarwa da alheri, yana cewa tsawatarwar ita kanta hanya ce da Allah ke bi ya warkar. Duk faston da ya taɓa sa mutum ƙarƙashin horo ya zaunar da shi a bencin baya ya san wannan tambayar ba ta tsufa ba.

Kasiyan

Shi ne sunan da ɗalibina bai ko kalla ba, don an ce masa rabin Pelajiyus ne. Wannan laƙabi sai a ƙarni na 16 aka ƙirƙiro shi, fiye da shekara dubu bayan mutuwar mutumin, kuma Kasiyan da alƙalaminsa ya soki Pelajiyus a littafin da ya rubuta a kan Nastoriyus, bishop na Kustantiniya, wajen 430.

An haife shi wajen 360. Ya shiga zuhudu a Baitalami tare da abokinsa Jamanus, suka tafi hamadar Masar suka yi shekaru suna zama a gaban dattawa. Kirisostom ya naɗa shi dikon a Kustantiniya, daga baya ya sauka a Marsel ta kudancin Faransa wajen 415, ya kafa gidajen zuhudu biyu, na maza da na mata. Littafinsa Collationes hira ce ashirin da huɗu da dattawan hamada. Ta goma sha uku ita ce tamu. Mai magana wani tsoho ne, Abba Keremon, wanda Kasiyan ya ce ya haura shekara ɗari, bayansa ya tanƙware har da hannu yake rarrafe. Jamanus ya kwana da damuwa, da safe ya ce: Baba, in mun yi azumi mun yi tsaron dare mun sami tsarkin zuciya, yaya za a ce ba wahalarmu ta kawo shi ba?

Tsohon ya amsa masa da manomi. Da na kai nan sai ɗalibina ya gyara zama. Manomi ya yi sharar gona, ya yi huɗa, ya yi shuka, ya yi noma. Amfanin nasa ne? In ruwa ya ɗauke, guminsa bai tsinana komai ba. Ƙarfin da ya riƙe garma da shi ma, da lafiyar shanun, da niyyar fita da asuba, ba shi ya ba kansa ba. Amma ruwan bai taɓa cika rumbun wanda bai shuka ba. Ya ƙara da misalin uwa da ɗanta: ta goya shi, ta bar shi ya yi rarrafe, ta riƙe hannunsa yana tata, ta saki kaɗan, ya yi tangaɗi ta cafe.

Kan wa ke fara motsi, Kasiyan ya ƙi a ɗaure Allah da ƙa'ida ɗaya. Bulus yana hanyar Dimashƙu da takardun kama mutane aka fizgo shi, Matiyu yana teburin haraji aka kira shi. Zakka kuwa shi ya hau bishiya, ɓarawon kan gicciye shi ya buɗe baki. Kasiyan ya ce farkon ayyukan kirki, har da tunanin kirki, daga Allah ne. Amma a wani wurin ya ce in Allah ya ga ɗan tsiron niyya mai kyau, ko wanda shi ya shuka ko wanda ya ga ya fito daga ƙoƙarinmu, sai ya rene shi. Wannan rabin jimlar ita ta jawo masa. Furosfa na Akwiten, mai kishin Agustin, ya rubuta littafi guda a kanta wajen 432. Kan 1 Timoti 2:4 kuwa Kasiyan bai yi kwana ba: ya ce saɓo ne babba a ce Allah da ba ya so ko ɗaya daga ƙananan nan ya hallaka wasu kawai yake so su tsira.

Rauninsa a fili yake. Mai renon almajirai ne, abin da ya gani a rayuwar masu addu'a yake faɗa, bai damu ya ɗinke kowace ɓaraka ba. In ka matsa masa da tambayar me ya sa Zakka ya hau bishiya maƙwabcinsa bai hau ba, zai ce hanyoyin Allah sun fi ƙarfin bincike. Agustin ma a nan yake tsayawa, sai dai shi ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya.

A 529 aka yi majalisa a Oranj ƙarƙashin Bishop Sizariyus na Arles, aka fitar da ƙa'idoji 25, Fafaroma Bonifas na biyu ya tabbatar a 531. Sun ce farkon bangaskiya, har marmarin a tsarkaka, aikin Ruhu ne, Allah ba ya zaman jiran niyyarmu. Wato tashin da ke cikin "tashi in taimake ka" shi ma taimako ne. Amma sun la'anci duk mai cewa Allah ya ƙaddara wani ga mugunta, sun kuma ce duk mai baftisma zai iya yin abin da ceto ke bukata da taimakon Almasihu in ya yi aminci. Ba su ambaci sunan Kasiyan ba. Dokar da Benedik ya rubuta wa masu zuhudu ta sa a riƙa karanta hirarrakin Kasiyan da yamma, cocin gabas kuma tana tunawa da shi a matsayin waliyyi ranar 29 ga Fabrairu.

To wanne?

Fara duba ikkilisiyarka. In kai ɗan Lutheran ne ko Angilika ko ɗaya daga cocin Reformed, takardun bangaskiyarku sun riga sun tsaya a gefen Agustin. Luther kansa daga ƙungiyar zuhudu mai sunan Agustin ya fito, kuma sharaɗi na 9 cikin 39 na Angilika ya ambaci mabiya Pelajiyus da suna. Gare ka Agustin karatun gida ne. In kuwa daga ECWA kake ko EYN ko Baptist, inda sai mutum ya yi wayo ya ba da gaskiya ake masa baftisma, ka sani babbar hujjar Agustin ita ce: ikkilisiya tana yi wa jarirai baftisma don gafarar zunubi, ashe suna da abin gafartawa. Za ka karɓi sakamakon ka bar hujjar, dole kuwa ka bayyana yadda aka yi.

Sai maƙwabta. Wanda ke aiki cikin Musulmi zai ga maganar Pelajiyus a kan jariri ba baƙuwa ba ce a kunnensu, tunda a wurinsu ana haihuwar kowa a kan fiɗira kuma wani ba ya ɗaukar nauyin wani. Kundin da ya kwatanta wannan zai yi amfani. Sai dai kada ka yi gaggawar cewa Agustin Bajabare ne, Pelajiyus Baƙadare. Gardamar Jabariyya da Ƙadariyya da Mu'utazila a kan wa ke halittar aikin bawa take. Ta su Agustin a kan ko zuciya tana da lafiyar son alheri take. Sun yi kama a fuska, uwa ba ɗaya ba.

Sai abin da hannunka zai kai. Agustin da bakinsa ya lissafa littattafansa 93, ban da wasiƙu da wa'azi. Wanda ya rubuta take "Koyarwar Agustin a kan alheri" ya shiga kogi ba kwale-kwale. In shi kake so, ɗauki littafi ɗaya. Rubuce-rubucensa a kan Pelajiyus suna cikin tsohuwar fassarar Turanci ta 1887, na Kasiyan a ta 1894, dukansu kyauta a intanet, ana buɗe su ko a waya. Hira ta goma sha uku babi goma sha takwas ce gajeru, za ka gama ta a zama ɗaya.

Ni dai ga abin da na ce masa. Pelajiyus sai ga wanda zai iya samun rubutunsa na kansa, wanda kuma ya shirya ya ga fuskarsa a madubi. Agustin ya fi su zurfi nesa ba kusa ba, kuma a tambayar wa ke fara motsi ina ganin shi ke da gaskiya, ko da yake ba na bin sa zuwa kabarin jarirai. Amma ga mai bishara da zai koma cikin manoma da kundi mai shafi arba'in, Kasiyan na zaɓa masa. Gajere ne, misalansa na gona ne, kuma ba yadda za ka yi ka bayyana shi ba ka karanta sauran biyun ba, don a tsakaninsu yake tsaye kowa na jan rigarsa.

Ran Litinin ya dawo da take a rubuce: kwatanta hira ta goma sha uku da littafin Agustin na tsawatarwa da alheri, a kan horon ikkilisiya. Na sa hannu. Ya kai bakin ƙofa ya juyo.

"Baba, to wa'azin nan na tashi in taimake ka, in je in janye shi?"

Na ce ya bari sai ya gama babi na uku tukuna.